Kano Pillars: Shin sallamar Ahmed Musa ce maganin halin da Sai Masu Gida ke ciki?

Tun daga ranar Lahadi, 12 ga Oktoban 2025, da wasan Kano Pillars da Shooting Stars ta Ibadan ya ƙare da tarzoma a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tambaya ɗaya ke yawo a majalisun 'yan ƙwallo: wa ya kamata ya sauka? An tashi wasan kunnen doki, ci 1-1, bayan baƙin sun farke a ƙurarren lokaci, sai wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta zabtare wa Pillars maki uku da ƙwallaye uku, ta ci ta tarar Naira miliyan 9.5, ta rufe mata filin, ta kuma mayar da wasanninta na gida filin Muhammadu Dikko da ke Katsina. Hukuncin ya tarar da ƙungiyar tana fama da rashin nasara, don haka ta tsinci kanta a ƙasan teburi, a gasar da ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe ke faɗawa rukuni na biyu.

Mahukunta sun fara da abin da aka saba farawa da shi, wato dakatar da masu horarwa, Evans Ogenyi da Ahmed Garba Yaro Yaro. Amma wasu magoya baya na ganin ba a nan gizo ke saƙa ba. A ganinsu, wanda ya kamata a tuhuma shi ne babban manajan ƙungiyar, Ahmed Musa, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa a watan Yulin 2025.

Abin da ya haɗa Kazaure da wannan magana

Muhawarar ba ta tsaya a cikin birnin Kano ba. A gidajen kallo da teburan masu shayi na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa ma ana tafka ta, kuma akwai dalili na tarihi. An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin da waɗannan garuruwa ke cikin tsohuwar Jihar Kano. Sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ke nan dattawan 'yan kallo na wannan yanki sun fara goyon bayan Pillars ne a matsayin ƙungiyar jiharsu, kuma raba jiha bai raba su da ita ba. Ban da haka, Kano ta fi kusa da Kazaure a kan Dutse, kuma can ne ɗan kasuwar yankin ke sarin kaya a Kwari da Singa da Sabon Gari, ya kan kuma tsaya kallon wasa idan ranar ta dace.

Dalili na biyu ya fi ciwo. Mutanen Jigawa sun san yadda faɗuwa take. Jigawa Golden Stars ta hau gasar Firimiya a 2019, aka soke kakar farko saboda annobar korona, sannan a 2021 ta faɗo tare da Adamawa United da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah. A tsawon wannan zama nata a sama, a filayen wasu jihohi take karɓar baƙinta. Har yanzu ba ta koma ba. Wanda ya ga haka ya san cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, fitowar ce aiki. Ya kuma san abin da rasa filin gida ke yi wa ƙungiya, wanda shi ne halin da Pillars ta shiga a 2025.

Hujjar masu cewa a sallame shi

Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce, tsaron filin wasa aikin ofis ne. Koci ba ya sayar da tikiti, ba ya ɗauko jami'an tsaro, ba ya tantance wanda zai shiga kusa da ɗakin alƙalai. Dokokin gasar sun ɗora wa ƙungiyar da ke gida alhakin lafiyar baƙi da alƙalan wasa. Idan aka rasa maki uku saboda gazawa a wannan fanni, to dakatar da koci tamkar barin jaki ne ana dukan taiki.

Hujja ta biyu ita ce ta ƙwarewa. Babu mai jayayya da tarihin Ahmed Musa a fili. Ya ci ƙwallaye 18 a rigar Pillars a kakar 2009/2010, ya taka leda a VVV-Venlo ta Holan da CSKA Moscow ta Rasha da Leicester City ta Ingila da Al Nassr ta Saudiyya, yana cikin tawagar da ta ɗauki Kofin Afirka a 2013, ya kuma ci wa Najeriya ƙwallaye huɗu a gasar Kofin Duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Sai dai iya murza leda daban, iya tsara kasafin kuɗi da kwantiragin 'yan wasa da tafiye-tafiyen kaka guda daban.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Ahmed Musa babban manaja ne, kuma ɗan wasa ne a ƙungiyar. A ofis yana sama da koci, a filin atisaye kuma yana ƙarƙashinsa. Wane koci ne zai iya ajiye mai gidansa a benci ba tare da ya yi tunanin makomar aikinsa ba? Wane matashin ɗan wasa ne zai kai ƙorafin alawus ga mutumin da suke neman gurbi ɗaya a cikin sha ɗayan farko? Ko da mutum ya kai kowa adalci, tsarin da kansa yana haifar da zargi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da tarihin ƙungiyar ke nunawa

Duk da waɗannan hujjoji, tarihin Pillars na kusa bai goyi bayan cewa sauya shugaba a tsakiyar kaka yana ceton ƙungiya ba. A watan Afrilun 2022 an yi irin wannan tarzoma a wasan Pillars da Katsina United, aka farfasa motar baƙi, aka kuma zabtare maki. A watan Yunin wannan shekara hukumar gasar ta hukunta shugaban ƙungiyar na lokacin bisa zargin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarsu da Dakkada, gwamnati ta miƙa riƙon ƙungiyar ga Alhaji Ibrahim Galadima, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, mutumin da babu mai shakkar saninsa da harkar. Duk da haka Pillars ta faɗi a ƙarshen kakar, tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Tun bayan dawowarta a 2023, kusan kowace kaka da sabbin fuskoki take farawa. An naɗa Babangida Little shugaba a 2023, aka sake hukumar gudanarwa a 2024, aka kuma sake yi mata garambawul a 2025. A ɓangaren horarwa, Abdu Maikaba ya zo ya tafi, Usman Abdallah ya zo ya tafi, ga shi Evans Ogenyi bai ko kai rabin kaka ba. Da sauya mutane na kawo kofi, da Pillars ta cika kabad. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, rabonta da babban kofi tun na ƙalubale da ta ɗauka a Kaduna a 2019.

Tarzomar 2025 kuwa maimaicin ta 2022 ce, a fili ɗaya, a ƙarƙashin shugabanni daban da gwamnatoci daban. Wannan na nuna cewa cutar ta girmi watanni uku da Ahmed Musa ya yi a ofis kafin abin ya faru. Yana da kaso a cikin laifin, domin shi ke kan kujerar, kuma ya fito ya nemi afuwa a bainar jama'a. Amma ɗora masa duka laifin zai ba ainihin matsalar damar ɓuya har zuwa tarzoma ta gaba.

Darasi daga Aba da Ikenne

Ƙungiyoyin da suka yi nasara mai ɗorewa a Najeriya suna da abu ɗaya da ya haɗa su, wato daɗewar masu tafiyar da su. Enyimba ta Aba mallakar gwamnatin Jihar Abiya ce, kamar yadda Pillars take mallakar gwamnatin Kano. Amma Felix Anyansi-Agwu ya shugabance ta fiye da shekara 20, gwamnoni suna zuwa suna tafiya. A wannan tsakani ta ɗauki kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere, a 2003 da 2004, da kofin gasar cikin gida sau tara. Sai a 2023 Gwamna Alex Otti ya maye gurbinsa da Nwankwo Kanu.

Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun kuwa ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname. Ta faɗi daga gasar Firimiya a 2019, ta dawo a 2021, ta zo ta biyu a 2023 da 2024, sannan ta ɗauki kofin a 2025 a hannun koci Daniel Ogunmodede, wanda aka bari a kan aikinsa duk da kofin ya kuɓuce masa sau biyu. Tana da filinta, tana da makarantar renon matasa. Haƙurin da aka yi da mutanen da ke aikin ya samu ne saboda akwai tsarin da ake auna su da shi.

Wannan ma'auni ne babu a yawancin ƙungiyoyin gwamnati a Arewa, daga Pillars har Jigawa Golden Stars. Gwamna ke naɗawa, gwamna ke saukewa, kuɗin ɗaukar 'yan wasa da na tafiya daga baitulmalin jiha suke fitowa, a lokacin da takarda ta kammala zagayenta a ofisoshi. Duk ma'aikacin gwamnati ya san tsawon wannan zagaye. Tsakanin kwamishinan wasanni da shugaban hukumar gudanarwa da babban manaja, ba kasafai jama'a ke sanin inda ikon wani ya tsaya na wani ya fara ba. A irin wannan yanayi, sallamar mutum ɗaya tana kwantar da hankalin 'yan kallo na mako biyu, amma wanda ya gaje shi zai tarar da igiyoyin da suka ɗaure na farko suna jiransa.

Abin da ake iya rasawa

Akwai kuma lissafin da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Sunan Ahmed Musa jari ne. Dawowarsa ƙungiyar a 2021 da kuma 2024 ta jawo hankalin kafafen labarai da 'yan kallo zuwa gasar da mutane da yawa suka ƙaurace wa suka koma kallon ta Turai. Ƙungiyar da ke neman kamfanoni masu ɗaukar nauyi, domin rage dogaro da gwamnati, tana buƙatar fuskar da kamfanoni suka sani. Korarsa cikin fushi za ta aika saƙo ga duk wani tsohon ɗan wasa mai sha'awar dawowa gida cewa wata uku kawai ake ba mutum.

Kuma yanzu Pillars ba ita kaɗai ba ce a Kano. Barau FC, ta Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, ta hau gasar Firimiya a 2025. Mazaɓar Sanatan ta Kano ta Arewa ta haɗa da Dambatta, maƙwabciyar Kazaure. Idan Pillars ta sake faɗuwa, matasan wannan yanki da ba su ga zamanin kofuna uku a jere ba suna da wata ƙungiyar da za su koma wa. Masu sayar da riguna da abinci da direbobin da ke cin abinci a ranar wasa a Ƙofar Mata kuwa sun yi asara a lokacin da kasuwar ta koma Katsina.

Mafita

Idan aka auna ɓangarorin biyu, sallamar Ahmed Musa a yanzu ba za ta dawo da maki ukun da aka zabtare ba, ba za ta buɗe filin Sani Abacha ba, kuma za ta ƙara wa ƙungiyar ruɗani a lokacin da take buƙatar natsuwa. Amma barinsa a yadda yake ma ba daidai ba ne. Abu uku ya kamata gwamnatin Kano ta yi.

Na farko, a raba riga da kujera. Ko dai ya rataye takalmi ya zauna a ofis, ko ya ci gaba da wasa a miƙa aikin yau da kullum ga gogaggen ma'aikaci har ƙarshen kaka. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar ko sisi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, a rubuta masa sharuɗɗa a bayyana su ga jama'a: ƙungiyar ta tsira a gasar, a biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci, a cika ƙa'idojin tsaron da za su sa a dawo da wasa Kano, a kuma gurfanar da waɗanda suka tayar da tarzoma maimakon a bar su su dawo fili kamar ba a yi komai ba.

Na uku, a ba shi ikon da ya yi daidai da alhakin da aka ɗora masa, musamman a kan kuɗi da zaɓen ma'aikata. Ba adalci ba ne a tuhumi mutum kan abin da ba shi ke sa hannu a kai ba.

Idan aka yi haka, ƙarshen kaka zai ba da amsar da babu mai musu a kanta. In ya cika sharuɗɗan, ya cancanci ƙarin lokaci. In ya gaza bayan an ba shi iko da kayan aiki, sai a sallame shi da hujja, komai girman sunansa. Gwamnatin Jigawa ma tana da abin ɗauka a nan, domin Golden Stars ba za ta koma gasar Firimiya ta zauna ba sai an tanadar mata filin da ya cika ƙa'ida a cikin jihar, da shugabancin da zai wuce wa'adin gwamna ɗaya.