RA'AYI: Kafin Ka Sayi Lemar Iska, Shin Ka Iya Iyo?



Makon da ya wuce wani ɗan yayana ya same ni bayan sallar la'asar, ya miƙo min waya yana zumuɗi. Bidiyo ne na wani saurayi a tsaye bisa allo a kan teku, wata ƙatuwar lema tana can sama tana jan sa da igiyoyi, yana gudu kamar mai babur, can kuma sai ya yi sama ya juya ya sauko. Ya ce, "Baba ƙarami, wannan wasan nake son koya. Na ma samu wani a intanet da zai sayar min da kayan na hannu, da araha." Kuɗin da yake maganar kashewa kuwa na shekara biyu ne da ya tara a sana'ar gyaran waya.

Tambaya ɗaya na yi masa: "Ka iya iyo?" Sai ya yi dariya ya ce ai akwai allo, a kansa zai tsaya.

Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san ba shi kaɗai ba ne. Bidiyoyin nan sun cika Facebook da TikTok, kuma duk wanda ya taɓa zama saurayi ya san yadda abu ke shiga rai.

Bari in fara da faɗin matsayina: ban ƙi wasan ba. Turawa na kiran sa kaitbodin, ni kuwa zan kira shi zamiyar ruwa da lemar iska. Wasa ne na gaske mai ƙa'idoji da malamai. Wasu 'yan uwan juna biyu 'yan Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka yi rajistar irin lemar da ake hura wa iska a 1984, wadda ko ta faɗa ruwa ba ta nutsewa. Daga nan wasan ya bazu har ya shiga gasar Olamfik ta Faris a 2024, inda aka yi tseren a tekun Marsel. Valentin Bontus na Ostiriya ya ɗauki zinare a ɓangaren maza, Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ɗauka a na mata. A nan Afirka ma ana yin sa sosai: a Dakhla, a tsibirin Sal na Kef Bad, a Faje da ke Zanzibar, a Diyani ta Kenya, da kuma Kef Tawun. Mitu Monteiro, ɗan Kef Bad, har kambun duniya ya ci a 2008.

Masu cewa wannan wasan Turawa ne, ba namu ba, ina tuna musu cewa ƙwallon dawaki ma baƙuwa ce a da. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya karɓe ta ya raine ta, yau ga shi ta zama abin alfaharinmu. Kuma Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne. Wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga wasan kabanci, ko ya ga Rigata a Yawuri, ya san muna da gwanayen ruwa tun kaka da kakanni. Saboda haka matsalata ba da wasan ba ce. Matsalata da tsarin da yaranmu ke son bi ne: a sayi kaya tukuna, a koya daga baya.

Mu fahimci abin da ake magana a kai. Lemar nan ba irin ta ledar da muke ɗaura wa zare muna yara ba ce. Faɗinta kan kai murabba'in mita 7 zuwa 14, wato wata ta fi shimfiɗar ƙaramin ɗaki. Igiyoyi huɗu ko biyar ke riƙe da ita, kowacce tsawon mita 20 zuwa 24, suna haɗe da wata sanda da ake tuƙi da ita, sandar kuma tana maƙale da ɗamarar da ke ƙugun mutum. Ma'ana kai da lemar a ɗaure kuke. Sannan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin jan lemar sau huɗu yake ninkawa. Abin da ke ɗaga ƙato mai kilo 80 sama kamar kara, shi ne zai iya jan sa a ƙasa ya maka shi da itace ko katanga. Da yawa daga cikin munanan haɗurran wasan a bakin gaɓa suke faruwa, lokacin tayar da lema ko sauke ta.

Shi ya sa inda ake koyar da shi ba a fara ba mutum allo. Da ƙaramar lema ta gwaji ake farawa, mai murabba'in mita 2 ko 3, a kan rairayi. Sai a koya maka hanyoyi uku na kuɓuta: ka saki sandar, in bai yi ba ka tura maɓallin da ke kashe ƙarfin lemar, in abu ya ci tura ka kwance igiyar ƙarshe ka rabu da ita gaba ɗaya. Bayan haka za ka shiga ruwa ba allo, lemar ta riƙa jan jikinka, ka koyi komowa inda ka bar allonka, domin zai kuɓuce maka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Sai a ƙarshe a sa maka allo a ƙafa. Yawancin mutane kan ɗauki awa 9 zuwa 12 tare da malami kafin su iya miƙewa su yi 'yar tafiya. Akwai ƙungiyar duniya ta IKO, wadda aka kafa a 2001, da ke ba malamai shaidar koyarwa. Kuma sharaɗin farko a kowace makarantar kirki shi ne ka iya iyo a ruwa mai zurfi.

To, mu zo kan zaɓen kaya, tunda nan ne kuɗin yaranmu ke shirin salwanta.

Na farko, kada ka sayi komai kafin ka gama darasi. Makaranta ce ke ba da kaya a lokacin koyo, kuma a nan ne za ka san abin da ya dace da kai. Girman lema da nauyin jiki da ƙarfin iskar wurin suke tafiya tare. Mai nauyin kilo 70 zuwa 80 yakan yi amfani da lema mai mita 12 idan iska na gudun kilomita 25 zuwa 35 a awa, in ta ƙara ƙarfi ya koma mai mita 9. Shi ya sa masu wasan ke ajiye lema biyu ko uku. Wanda ya ce maka lema ɗaya ta isa ko ina da kowane lokaci, ciniki yake nema.

Na biyu, allo. Mai koyo allo mai baki biyu yake bukata, wanda ke tafiya gaba da baya ba sai an juya shi ba, mai faɗi, tsawonsa kamar santimita 138 zuwa 145 gwargwadon nauyinsa. Babban allo ya fi saurin ɗaga mutum a kan ruwa, ya fi yafe kuskure. Ƙaramin allon da ka ga gwani na tsalle da shi, da kuma mai dogon ƙarfe a ƙasa da ke ɗaga mutum sama da ruwa irin na Olamfik, ba na ɗan koyo ba ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na uku, kayan hannu. Araha ba ta ado. Lemar da aka yi kafin 2006 yawanci ba ta da ingantaccen tsarin rage ƙarfi irin na yanzu. Rana na cinye yadin lema, bakin da ake hura iska na iya yoyo, igiya na iya miƙewa ko ta tsinke, maɓallin kuɓuta na iya cijewa saboda gishiri da yashi. Duk wannan ba a gani a hoto. Sabon cikakken saiti kan haura dala 2,000, wato miliyoyin naira. Idan wani ya yi maka tayin sa a kuɗin waya, ko dai kayan sun mutu, ko kuma babu kayan sam.

Na huɗu, abin da yara ke mantawa da shi domin ba ya ƙayatarwa a bidiyo: rigar hana nutsewa, hular kwano, ɗamara daidai ƙugu, da 'yar wuƙar yanke igiya idan ta naɗe mutum. Wanda kuɗinsa bai kai ga waɗannan ba, bai kai ga wasan ba.

Yanzu mu dawo gida. Ko da ka sayi komai sabo fil, a ina za ka yi? Wasan na son ruwa mai faɗi, marar zurfi a bakinsa, fili fetal ba itace ba wayar lantarki, da iska mai kaɗawa bai ɗaya na tsawon awanni, wadda ba ta tura mutum nesa da gaɓa. Kogin Iku ba haka yake ba. Kowa ya san shi: matsattse ne, ga duwatsu, ga itatuwa, ga gidaje da wayoyi a gefensa, ga gangaren Mayanka. Garinmu kuma a gindin tsaunuka yake, iskarmu ba ta da alƙibla ɗaya. Yawancin kwanaki ba ta isa ta ɗaga lema ba, ranar da ta tashi da ƙarfi kuma a gaban hadari take zuwa, irin wadda ke yaye kwanon ɗaki. Wannan ita ce iskar da gwanaye ma ke gudu. Manyan ruwayen jiharmu kamar Kainji da Shiroro suna da faɗi, amma akwai kututturan itace a ƙarƙashinsu, kuma babu jirgin ceto da zai tsaya yana jiran ɗan wasa. Kududdufai da ƙananan madatsu kuwa, ban da haɗarin laka akwai tsargiya.

Na san wasu matasa za su ce kullum haka manya suke, da yaro ya kawo sabon abu sai a kashe masa gwiwa. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Sau da yawa "a'a" kawai muke cewa ba mu kawo madadi ba, shi ya sa yara ke zamewa su tafi rafi a ɓoye. To ni ga madadina, kuma kan ƙungiyarmu nake ɗora shi.

Mu dubi inda muke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Mu a Neja ba sai an ba mu labari ba. Ranar 1 ga Oktoba 2024 jirgin ruwa ɗauke da ɗaruruwan mahalarta Maulidi ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta kashe fiye da mutum 150 a garin Mokwa. Nan Suleja ma ba mu manta da ambaliyar 2017 da ta 2020 ba, da gidajen da aka yi wa ta'aziyya. Amma a tara samarin unguwa ashirin yau a tambaye su wa ya iya iyo na gaskiya, ba facal-facal a ruwa iya gwiwa ba, a ga hannu nawa zai tashi. 'Yan mata kuwa ba a ma maganarsu. Alhali an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hori jama'a su koya wa 'ya'yansu iyo tare da harbi da hawan doki.

Don haka ina ba da shawara huɗu.

Ɗaya, a dogon hutun makaranta ƙungiya ta yi yarjejeniya da wani wurin ninƙaya mai tsafta a nan gari ko Abuja, a kai yara rukuni-rukuni da mai koyarwa. A ware wa 'yan mata ranarsu da malama mace da suturar da ta dace.

Biyu, a sayi rigunan hana nutsewa da doguwar igiya a ajiye a hannun masu unguwannin da ke bakin kogi, a koya wa matasa yadda ake ceto daga tudu ta hanyar jefa igiya ko jarka. Sau da yawa mai faɗawa ruwa don ceto shi ne gawa ta biyu.

Uku, mu riƙi ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 domin rigakafin nutsewa. Ta zo daidai tsakiyar damina. Limamai su taɓo batun a huɗuba, malaman Islamiyya su faɗa wa yara.

Huɗu, duk matashin da ya iya iyo sosai kuma har yanzu ransa na kan lemar iska, kada a yi masa dariya. A taimaka masa da shawara ya kashe kuɗinsa a kan darasi a bakin teku wurin malami mai shaida, ba a kan kayan da bai taɓa gani ba. In ya ƙware ya dawo, ko ba komai mun samu mai koya wa ƙannensa ruwa.

Shi ɗan yayan nawa mun rabu a kan cewa zai riƙe kuɗinsa, ya fara da iyo. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Amma gara ya yi fushi da ni yana raye. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu cikin jadawalin taro mai zuwa, iyaye kuma kowa ya tambayi ɗansa yau ɗin nan inda yake zuwa idan ya ce ya tafi wasa.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.