Inuwar Yamai ba ta sayarwa ba ce

A 1965 aka soma dasa itatuwan dogon yaro a gefen Yamai, dajin da ake kira Ceinture Verte, don tare iska da ƙura. Hekta 2500 aka ware masa. Ga kuma kogin Isa ya ratsa gari. Ba kowane birni ke da irin wannan rabo ba: ka tashi aiki, ka hau moto, kafin magariba kana shan iska a inuwa ko bakin ruwa.

To amma shekara da shekaru ana yanka dajin nan fili-fili, ana sare itace, ana jibge shara. Mai hali yana da lambu a gidansa. Ɗan haya fa, mai ɗaki guda da rufin kwano, ina zai fita a zafin Afrilu?

Ƴan uwa, abin da ya rage shi za mu tsare. Mu nemi a fito da taswirar iyakar dajin kowa ya gani, a kafa alamomi, a daina raba filaye a ciki, a gyara hanyoyin ƙafa da filayen ƙwallo. Wurin da bulo ya hau, itace ba ya komawa.