Samanja Ya Riga Mu Gidan Gaskiya: Magana a Kan Dariya da Haƙƙin Mai Ba Da Ita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa masu duba wannan fili, yau za mu tuna da Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duk ƙasar nan ta fi saninsa da Samanja Mazan Fama. Allah Ya karɓi abinsa a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023, watau a ƙarshen watan Rabi'u Sani na 1445, bayan ya haura shekara 80 a duniya. Kafin shi Ƙasimu Yero ya tafi a 2017. Masu wasan rediyo da talabijin na farko suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna ta cewa Allah Ya jiƙansu, sa'an nan mu juya ga harkokinmu.

Mun san akwai daga cikin 'yan'uwanmu malamai wanda zai ce, ina ruwan filin almajirai da ɗan wasan kwaikwayo? To, a yi mana haƙuri a kai ƙarshen magana.

Shi dai wannan bawan Allah Banufe ne, an haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, garin nan na bakin kogin Kwara, kusa da inda kogin Kaduna ya ke zuba ruwansa. Ɗan Etsu ne, amma bai zauna jiran gadon gidansu ba. Ya hau zuwa Kaduna, ya kama aiki a gidan rediyo, sa'an nan ya shiga soja zamanin yaƙin basasa. Daga abin da idonsa ya gani a bariki ya tsara wasan nan nasa, aka fara jinsa a rediyon Kaduna cikin shekarun 1970, daga baya aka mai da shi talabijin, har ya game Nijeriya duka.

Yaro na yau ba zai gane nauyin wannan aiki ba sai an gaya masa yadda ƙasa ta ke a lokacin. Kafin yaƙi sojan Nijeriya ba su wuce kamar 10,000 ba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970, sun kai wajen 250,000. Barikin da Turawa suka bari bai isa ya ɗauke su ba, sai suka bazu cikin garuruwa suna haya a unguwanni, suna cin kasuwa ɗaya da talakawa, suna hawa mota ɗaya da su. Mulki kuma yana hannunsu tun daga 1966 har 1979, suka sake karɓa a ƙarshen 1983, ba su saki ba sai 1999. Dattawan kasuwa ba su manta ba: mai kaki ya tsaya a bakin rumfarka, ka rasa ko ciniki ya zo yi ko rigima, ka ba shi bashi don tsoro, ka hana shi don tsoro. Karen mota ya san ɗanɗanon bel. Tsakanin farar hula da soja babu abin da ya ke gudana sai fargaba a wannan gefe, raini a wancan.

A cikin wannan hali ne wani soja ya fito ya sa kaki, ya murɗe gashin baki, ya sa jama'a suna yi wa soja dariya, sojan kuma suna taya su. Wanda bai sa kakin ba, da ya gwada, da ya kwana a gadurum.

Ku dubi kuma muƙamin da ya zaɓa, don a nan hikimar ta ke. Bai ɗauki janar ba, bai ɗauki kurtu ba, sai samanja. Samanja a bariki shi ne na tsakiya: a ƙarƙashinsa akwai saje da kofur da kurata, suna rawar jiki in ya yi tsawa a filin fareti, a bisansa kuwa akwai hafsoshi, wanda ƙaramin cikinsu, ko da sa'an ɗansa ne, dole ya ƙame ya sara masa. Mu mutanen allo mun san irin wannan matsayi sarai, domin shi ne matsayin gardi a tsangaya. Bulala tana hannunsa, kolo da titibiri suna ganinsa kamar zaki, amma da alaramma ya yi gyaran murya sai ka ga zakin ya koma kyanwa. Attajiri ma ya san babban yaron shagonsa, mai zare wa 'yan dako ido, mai durƙusawa in maigida ya shigo. Saboda haka duk wanda ya kalli Samanja yana hargagi, sa'an nan ya ga yadda al'amari ya ke kwance masa, ya ga wani wanda ya sani, wani lokaci ma kansa ya gani. Talaka ya fahimta cewa wannan mai tsawa shi ma yana da na gaba da shi, yana jiran albashi ƙarshen wata, yana da rigimar cikin gida kamar kowa. Sojan kuma ya ga yadda hargaginsa ya ke a idon mutane, ba tare da wani ya zage shi ba. Wa'azi nawa za a yi kafin a kai wannan saƙo cikin bariki?

Sai maganar harshe. Hausar Samanja Hausar bariki ce, gauraye da Turancin soja. Wannan harshe yana da asali. Tun da Turawa suka kafa rundunarsu ta Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ce harshen umurni, da ita a ke horar da Batibi da Ba'angashe da Bazabarme da Babarbare, da ita aka tafi yaƙin Bama a shekarun 1940. Daga nan muka sami kalmomi irin su samanja da kofur da saje da fareti da bariki kanta. Mai ƙaramin tunani in ya sami irin wannan harshe, sai ya mai da shi abin yi wa wata ƙabila ba'a. Shi kuwa a bakinsa ya sa shi, shi da ba Bahaushe ba ne ta wajen haihuwa, ya ɗora wa kansa dariyar. Da ma ƙasar nan ta san wasa tsakanin al'ummu, kamar na Nufawa da Katsinawa, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, wasan da sharaɗinsa shi ne a tashi ba wanda ya ji ciwo. A kan wannan sharaɗi ya tsaya.

To, mu komo ga masu cewa duk wannan lagawu ne. Imamu Gazali a cikin Ihya'u, inda ya ke lissafa aibobin harshe, ya ware raha a babi guda, ya ware izgili a wani babi dabam. Izgili, watau wulakanta mutum don a yi masa dariya, shi ne wanda Suratul Hujurati ta hana ƙarara. Raha kuwa abin da aka zarga a cikinta shi ne yawaitawa da dawwama a kai, da cutar da wani. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, ba ya faɗin kome a ciki sai gaskiya. A cikin sahabbai akwai Nu'aimanu, wanda ya halarci Badar, aka kuma san shi da ba mutane dariya a Madina.

In an ce ai wasan kwaikwayo ƙarya ce, tun da abin bai faru ba, sai mu ce a duba gafakar malam. Muƙamatul Hariri, guda 50, wadda mu ke zama a zaure muna fassara wa manyan ɗalibai, wa ya taɓa ganin Abu Zaidi Saruji a kasuwa? Wa ya san kabarin Harisu ɗan Hammamu? Ƙagaggun mutane ne, mai littafin ya sani, mai karatu ya sani, ba a yaudari kowa ba. Abu Zaidin nan kuwa, in za a faɗi gaskiya, ya fi Samanja wayo da ɓarna nesa ba kusa ba. Ba mu ce kome da aka nuna a akwatin talabijin halal ne ba, kuma wanda ya bar jam'in Isha'i don kallo, laifinsa yana wuyansa. Abin da mu ke cewa shi ne a yi adalci wajen hukunci, kada a zuba Samanja a kwando ɗaya da yaran nan na TikTok, waɗanda ba su iya ba da dariya sai sun kwaikwayi gurgu, ko sun tona asirin wata baiwar Allah, ko sun zagi sa'an ubansu don a ƙara musu mabiya.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Malami in ya rasu yakan bar littattafai a gafaka, attajiri ya bar rumfa da gidaje. Mai wasan rediyo kuwa dukiyarsa murya ce da aka ɗauka a zaren kaset, shi kuwa zaren nan zafi yana cinsa, damina tana cinsa, na'urar da za ta juya shi ma ta zama sai an tona. Wasannin Malam Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jinsu, amma da ya ke an buga su a takarda, ga su nan har yau a hannun 'yan makaranta. Wannan gata ya kamata a yi wa Samanja.

Muna kira ga gidan rediyon tarayya na Kaduna da gidan talabijin na NTA Kaduna, su buɗe ɗakunan ajiyarsu su fito da duk abin da ya saura na wasan nan, a juye shi a kwamfuta, a kai kwafi Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Muna kira ga sashen Hausa na jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato, su sa ɗalibai su rubuta maganganun kamar yadda suka fito daga bakinsa, kada a gyara masa Hausa, don Hausar barikin nan ita kanta tarihi ce. Abokan aikinsa da suka rage da rai a je a zauna da su tun suna iya ba da labari. Rundunar soja, wadda ya wanke wa fuska shekara da shekaru, ita ta fi kowa cancantar ɗaukar nauyin aikin. Ku kuma alhazan Kantin Kwari da na kasuwar Kaduna, wanda ya ke da tsohon kaset a ƙasan akwati ya fito da shi, wanda ya ke da hali ya sa hannu a aljihu, a kuma tabbata iyalansa sun sami rabonsu daga duk abin da aka sayar.

Allah Ya gafarta wa Alhaji Usman, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalansa da mutanen Pategi haƙuri. Haza wassalamu.