Sunan wa ya dace da duwatsun Zinder?

Mai iko ba ya gamsuwa da cin gari da yaƙi, sai ya liƙa masa sunansa. Rumawa sun ƙware a wannan: Kusantina ta Aljeriya Sirta ake ce mata kafin Sarki Kwanstantin ya sake gina ta a ƙarni na 4, Zaragoza ta Sifaniya kuwa daga sunan Kaisar Agustus ta samo nata. Faransawa ma haka suka yi mana. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder bisa umarnin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini, suka kashe sarkin, suka gina bariki a kan duwatsun da ke kallon Birni, suka kira shi Fort Cazemajou, don duk wanda ya ɗaga kai ya tuna jinin da aka rama. Shi ya sa nake ganin daidai aka yi da barikin ya koma sunan tsohon Sarkin Damagaram Tanimun, kamar yadda Chadi ta ajiye Fort-Lamy a 1973 ta ɗauki Njamena.

Wasu za su ce ai mutanen Kusantina na kwana suna tashi da sunan Barume ba tare da ya dame su ba. To, shekara sama da 1,600 ta riga ta cinye zafin wancan sunan, kuma babu sauran daular Rum mai sa baki a harkar Aljeriya. Namu kuwa jiya-jiya ne: zuriyar waɗanda suka faɗi a Tirmini na nan a Birni da Zango.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba na raina shi. Tanimun, wanda ya ja ganuwa ya sa aka ƙera manyan bindigogi a Zinder, ya kuma kai hare-haren kamun bayi, akwai gidajen da har yau ba sa ambatonsa da alheri. Gaskiya ne. Amma Tanimun namu ne, hisabin da za mu yi masa na cikin gida ne, kuma sunansa a ƙofar bariki yana tilasta mana yin sa. Abin da ya rage shi ne a kafa allo a wurin, da Hausa da Barbarci, a rubuta tsohon sunan da dalilin cire shi, a rubuta ganuwar Tanimun, a rubuta bayin da ya kama.