Kokowar ƙasa: inda tamu ta ƙare, nan tasu take farawa

Kaka ta yi, an ɗaure damma, kuma kamar kowace shekara ganga ta fara tashi a filayen kokowa, daga Mirriya har Magarya da Matamaye. Sai dai bana akwai abin da muke gani a fadojin samari da ya kamata mu tattauna. Yara na taruwa kan waya ɗaya suna kallon wata kokowa ta waje, wadda ake yin ta a kwance, ana shaƙe wuya ana murɗe hannu. Daga nan sai su koma kan rairayi su gwada a junansu.

Sunan wannan wasa jujitsun Brazil. Asalinsa judo ne na Japan. Wani gwani mai suna Mitsuyo Maeda ya isa Brazil a 1914, 'yan gidan Gracie suka koya, suka mai da ƙarfinsu kan kamun ƙasa. Duniya ta san shi sosai a 1993, lokacin da Royce Gracie ya ci gasar UFC ta farko a Amurka, yana ta sa ƙattan da suka fi shi jiki su sallama.

To ina bambancinsa da tamu? A kokowar gargajiya, da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa an gama, makaɗa su ɗauki kirari. A jujitsu kuwa faɗuwa ce mafarin aiki. Wanda ke ƙasa yana iya naɗe na sama da ƙafafu, ya juye shi, ya kama masa gwiwar hannu ko wuya. Ba a gamawa sai ɗaya ya buga hannu a jikin abokinsa ko a ƙasa, alamar ya sallama, ko kuma lokaci ya cika a ƙirga maki.

Mu a Damagaram ba baƙin kama mutum ba ne. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, jihohi ke kai gwanayensu, yanzu goma-goma daga jihohi takwas. Filinmu na Zinder sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, Tasi'u Sani kuma ya kawo mana takobin gida. Ɗan kokowarmu ya iya tsayuwa, ya iya kamun ƙafa, ya iya karanta nauyin abokin karawa. Abin da bai koya ba shi ne me za a yi bayan an faɗi, don dokarmu ba ta buƙaci hakan ba.

A nan damar take. Ku dubi Senegal. Oumar Kane, wanda ake kira Reug Reug, daga filin kokowar gargajiya ya fito, ya ƙara koyon naushi da kamun ƙasa, har ya zama zakaran masu nauyi na gasar ONE a watan Nuwamban 2024. Mu ma mun ga abin da horo na ƙa'ida ke yi: Abdoul Razak Alfaga ya kawo wa Nijar azurfa a taikwando a wasannin Rio na 2016. Takobi mutum ɗaya ke ɗauka a shekara, sauran saba'in da tara su koma gona ko kabu-kabu. Idan akwai wata ƙofa ta biyu, ai bai kamata mu rufe ido ba.

Amma fa, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Shaƙar da ake yi a wannan wasa tana toshe jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan daƙiƙu mutum zai iya suma, in aka ci gaba da riƙewa kuma sai a yi asarar rai. Murɗar gwiwa ko kafaɗa na iya tsinka jijiya, abin da mai ɗori ba zai iya gyarawa ba. Shi ya sa a makarantun wasan, darasin farko shi ne buga hannu da sakin mutum nan take. Ana yi a kan shimfiɗa mai taushi, malami na tsaye, kuma a gasanni an haramta wa ƙananan yara kamu da yawa. Mutum kan shafe kusan shekara goma kafin ya kai baƙar ɗamara.

Bidiyon minti ɗaya ba ya nuna wannan. Kuma tarbiyyarmu ta filin kokowa ta ce namiji ba ya cewa wayyo. Yaron da ya taso da jin cewa sallamawa abin kunya ne, in aka shaƙe shi gaban abokai zai daure, wanda ya riƙe shi kuma bai san lokacin saki ba. Haɗarin ke nan.

Hanawa kawai ba za ta yi ba, waya na hannun kowa. Muna ganin abu uku. Iyaye da shugabannin fadoji su kafa doka: ba shaƙa, ba murɗa, in babu malami. Hukumar wasanni ta jiha da masu koyar da judo, tunda su ne suka fi kusa da wannan fanni, su zauna da tsofaffin 'yan kokowa a ga yadda za a horar da masu koyarwa ko da kaɗan ne. 'Yan uwanmu da ke Kano, Abijan, Libiya ko Faransa kuma, in za ku taimaka wa ƙannenku, shimfiɗar horo da kuɗin malami sun fi turo bidiyo amfani.

Kokowarmu tana nan daram, ba wanda zai karɓe mata ganga. Wanda ke son ƙarin ilimi kuwa, ya nemi malami tukuna. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu. Muna jiran ra'ayoyinku a shirinmu na wasanni.