ZAUREN HIRA: Kaska Raɓi Mai Jini, Abin Da Ya Sami Ɗan Yayata A Amurka

'Yan uwana mata, da ku maza masu satar karanta wannan fili idan uwargida ta shiga kicin, kar ku zaci ban san da ku ba. Masu aiko wasiƙa suna tambayar littafi na uku ku ƙara haƙuri, yana wajen masu ɗab'i. Wannan watan na jingine maganar kishiya da ta samarin shaho, akwai abin da ya daɗe yana cin raina, sai yanzu mai labarin ta yarje mini in rubuta, bisa sharaɗin ba zan kama suna ba.

Yayata ce wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun 2015 take aure a Amurka, a wata jiha da ake kira Konetikat, inda maigidanta ya yi karatu ya kuma sami aiki. 'Ya'yanta uku, na farin namiji ne, shekararsa 7 lokacin da abin ya faru. Kun dai san kunyar ɗan fari a gidajenmu, to Yaya ɗaukar ta ta yi cak ta tsallaka teku da ita. Ba ta taɓa kiran sunansa a gabanmu ba, daga "yaron nan" sai "wancan". In muna waya ta bidiyo ya zo zai haye cinyarta sai ta ture shi tana harararsa, wai kada Hajiya ta gani.

A ƙarshen watan Yunin 2023, lokacin zafinsu ke nan, yara na hutu suna yini a ciyawar bayan gida wadda ta haɗe da wani ɗan kurmi, sai yaron ya fara zazzaɓi. Ba mai zafi can ba, ga ciwon kai, ga kasala, yaron da ba ya zama wuri ɗaya sai ga shi kwance a kujera da rana tsaka. Wajen yi masa wanka ta ga wani tabo a bayan cinyarsa, ya fi fatarsa duhu, kamar inda aka buge jini ya kwanta. Ta ɗauki hoto ta turo mana a WhatsApp, ta rubuta a ƙasa, "Ku duba mini abin da ya fito wa yaron nan."

Ni ce nan sarkin baki na fara cewa, "Haba Yaya, makero ne fa, har a Amurka ana makero?" Na bi da dariya. Hajiya ta ce a shafa masa man kaɗe. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina.

Da zazzaɓin ya kwana huɗu ta kai shi asibiti. Likitan ya tambaye ta ko sun je gida Najeriya kwanan nan, don zazzaɓin cizon sauro yake tunani, ta ce rabonsu da gida tun 2021. Ya ce ta ga kaska a jikinsa? Ta ce a'a. Ya leƙa tabon ya ce bai yi masa kama da abin da yake zargi ba, amma bari a ɗebi jini. Sakamako ya fito babu komai. Aka ce ɗan zazzaɓin bazara ne, zai wuce. Abin da Yaya ba ta faɗa masa ba, tabon nan kullum faɗi yake ƙarawa, daga girman kwabo har ya kai tafin hannunta. Na ce, "Yaya me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Bai tambaye ni ba, kuma kin san yadda muke, likita na magana kina tsoma baki ai rashin ta ido ne."

To bari in tsaya a nan in gaya muku ciwon da likitan yake zargi, don ni ma sai daga baya na zauna na karanta. Turawa suna rubuta shi Lyme, amma Laim ake faɗa. Kaska ce ke kawo shi, sai dai ba irin tamu da muke ɓanɓarewa a kunnen kare ko a jikin saniya ba. Tasu mai baƙaƙen ƙafafu ce, babbarta kamar ƙwayar riɗi, ƙaramar kuwa ko ƙwayar gero ba ta kai ba, kuma ƙananan ne suka fi sa wa mutane ciwon, don wa zai gan su a cikin gashin yaro ko a hammata ko bayan gwiwa? A jikin ɓerayen daji take kwaso ƙwayar cutar, ta maƙale a ciyawa tana jiran mai wucewa. Cizonta ba zafi, kuma galibi sai ta haura awa 24 a manne tana shan jini kafin ta zuba cutar. Ba a ɗauka daga mutum zuwa mutum, shi ya sa ƙannensa da suke kwana ɗaki ɗaya ko ciwon kai ba su yi ba.

Alamar farko ita ce tabon nan. Yana fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 30 da cizo, ga mutum 7 ko 8 cikin 10 da suka kamu. Ba ya cika ƙaiƙayi ko zafi, halinsa shi ne faɗi, yana iya kai santimita 30. A hotunan da suke liƙawa a bangon asibitocinsu ja ne jawur, wani lokaci zobe a cikin zobe. Amma fa 'yan uwa a jikin farar fata aka ɗauki hotunan. A jikin irinmu ja ba ya nunawa haka, sai dai wuri ya yi duhu ko ya yi kamar ruwan makuba, shi ya sa baƙar fata a can sau da yawa ba a gane nasu sai ciwo ya yi nisa. Sannan gwajin jinin ba ƙwayar cutar yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta yake nema, ita kuwa sai ta ɗauki makonni kafin ta taru. Ka ga wanda aka gwada a satin farko sai a ce ba shi da komai alhali ciwon na nan. Don haka ƙa'idar likitocinsu ita ce, a yankin da ciwon ya yi yawa, in an ga tabon mai faɗaɗa a ba da magani kawai, kwana 10 zuwa 14, ba sai an jira jini ba.

Zazzaɓi ya sauka, tabo ya dusashe, muka ce alhamdu lillahi man kaɗe ya yi aiki. Ashe ciwon lafawa ya yi.

Wani dare a watan Oktoba, ƙarfe uku saura, wayata ta yi ƙara. Su a can goma na dare ke nan, awa biyar ce tsakaninmu. Gabana ya yanke ya faɗi. Ina ɗauka na ji Yaya tana kuka, kuma abin da ya fi razana ni, sunan yaron ta kira ɓaro-ɓaro, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Auta, gwiwarsa ta kumbura kamar gwanda, ɗingishi yake yi." Na ce, "Innalillahi! Yaya faɗuwa ya yi?" Ta ce, "Abbansu ma haka ya ce, wai a wajen ƙwallo ya bugu, a sa ƙanƙara. Yau kwana uku. Ni jikina bai ba ni ba."

Washegari gida ya ɗauka. Hajiya ta ce ko amosanin jini ne, aka tuna mata an gwada shi tun yana jariri, ba shi da sikila. Surukarta ta ce iska ce, kurmin nan na bayan gida ai ba a rasa mutanen ɓoye, ta sa a yi masa rubutu. Ni ban raina addu'a ba, mu ma nan sauka muka sa aka yi. Shi kuma maigidan abin da ke ransa kuɗi ne, don asibitin Amurka ko da inshora sai ka ji a jikinka, ga shi an riga an yi gwajin an ce babu. Ranar ce Yaya, wadda ko muryarta ba a ji in yana gida, ta tsaya masa a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu ta ce, "Abban yara, ka yi haƙuri, ko ka kai mu ko in ja da kaina." Ta ce kallonta ya yi kamar yau ya fara ganinta, sannan ya sa takalmi.

A daren da ba ta yi barci ba ta samo littafin rubutun yaron na makaranta, ta bi hirarmu ta WhatsApp tun daga Yuni tana kwafe kwanan wata: ranar da zazzaɓi ya fara, ranar da ta ga tabo, hotuna uku da ta ɗauka a kwanaki daban-daban. Wannan karon wata dattijuwar likitar yara suka samu. Yaya ba ta jira tambaya ba, ta ajiye mata littafi da waya a gaba. Matar nan ta buɗe hoton farko da na uku ta jera su, ta daɗe tana kallo, ta ce a sake ɗiban jini. Aka kuma zuƙi ruwan gwiwar da allura, don a tabbatar ba mugunya ce ta taru a gaɓar ba, wanda shi ciwon gaggawa ne. Yaya ta ce ita ta riƙe shi a ƙirjinta ana yi, tana masa waƙa a kunne. Na ce, "Ke Yaya? Ina kunyar?" Ta ce, "Auta, a nan ba kaka ba gwaggo, in na yi masa kara wa zai riƙe shi?"

Gwajin hawa biyu ne, na farko ya nuna, na biyu ya tabbatar. Laim ne, ya sauka a gaɓa. Haka yake yi in an bar shi ba magani, bayan makonni ko watanni ya kumbura gwiwa, wani ya karkata masa baki gefe ɗaya kamar shanyewar fuska, wani ma ya taɓa masa bugun zuciya. Aka ɗora shi a kan amoxicillin, sau uku a rana har kwana 28.

Ni kuma da na shiga karatu sai na ci karo da abin da ya sa tsigar jikina ta tashi. Laim ɗin nan sunan wani ƙaramin gari ne a cikin jihar da Yaya take zaune. A 1975 wata mata mai zane-zane a garin, Polly Murray, bayan ta yi shekaru tana yawon asibiti da ciwon da aka kasa gane kansa a jikinta da na 'ya'yanta, ta buga waya ma'aikatar lafiya ta jiha. Wata uwar ma, Judith Mensch, ta buga, don an ce 'yarta sanyin ƙashi na yara take yi, ita kuwa ta ga yaran unguwa da yawa da irin ciwon, ta ce wannan ba haka kawai ba. Sai aka tura wani likita daga jami'ar Yale, Allen Steere, ya ƙirga yara 39 da manya 12. Ƙwayar cutar kuwa sai 1981 wani masani haifaffen Suwizalan, Willy Burgdorfer, ya gano ta a cikin kaska. Na karanta wa Yaya a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Ashe su ma an ce musu ba komai." Yanzu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a ƙiyasin da ta fitar a 2021, ta ce mutum wajen 476,000 ake yi wa maganinsa duk shekara, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 9 suna cikin waɗanda ya fi kamawa.

Kada in ɓoye muku, bayan an gama magani Yaya ta kusa faɗawa wani ramin. Gwiwar ba ta saɓe gaba ɗaya ba, ta shiga wasu rukunoni a Facebook inda ake cewa ciwon ba ya warkewa, sai an yi wata da watanni ana ƙarin ruwa da allurai, ga masu tallar jiƙe-jiƙe na dala ɗari-ɗari. Ashe su ma suna da 'yan magori. Ta koma wajen dattijuwar ta ce a sake gwada jini. Matar ta zaunar da ita ta ce jininsa zai iya ci gaba da nunawa shekara da shekaru ko ya warke sarai, don haka jikin yaro za a duba ba takarda ba. Ta ce gaskiya ne wasu kan daɗe da gajiya da ciwon jiki bayan magani, ba ƙarya suke ba, wasu kuma sai an maimaita musu maganin karo na biyu in kumburin ya ƙi tafiya, amma gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Turai ba su nuna dogon shan maganin na watanni yana ƙara sauƙi ba, illa ma yake jawowa. Ta ba su ranar dawowa. Kafin Janairun 2024 gwiwa ta koma daidai da 'yar uwarta.

Ku da kuke da 'yan uwa a arewa maso gabashin Amurka, ko kudancin Kanada, ko ƙasashen Turai irin su Jamus da Austriya, ku isar musu. In an ga kaska a jikin yaro a sa ɗan matsefin cire gashi a kama ta daf da fata a ja ta sama a hankali, ban da ɗiga mata kananzir ko mai, ban da ƙona ta da ashana irin yadda muka saba. A rubuta ranar, a kira likita kafin awa 72, don akwai magani sha ɗaya da sukan bayar na kariya. Duk tabon da aka gani a zagaye shi da biro a ɗauki hoto, gobe a sake dubawa ko ya tsallake layin. In kuma an kawo muku jikoki hutu daga can suka kwanta zazzaɓi, an yi gwajin cizon sauro babu, ku gaya wa likita daga inda yaro ya zo.

Yanzu kullum da yamma in sun shigo daga wasa sai Yaya ta jera su ta bi kunne, ƙeya, hammata, cibiya da bayan gwiwa, kayansu kuma ta watsa a injin busarwa minti 10 da zafi sosai. Rannan muna waya tana tsefe kan babban, ya kwantar da kai a cinyarta, ta manta Hajiya na gefena. Hajiya ta leƙo ta ce, "A'a, yau kuma ɗan wa aka samu a cinya?" Yaya ta rufe fuska da mayafi tana dariya, amma ba ta ture shi ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan wasiƙar baiwar Allahn nan da mijinta ya hana ta zuwa bikin ƙanwarta. Ku huta lafiya.