A Yi Hattara Wajen Sayen Dilanci Ko Rabon Gadonsa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa na Talata Mafara da Bakura da Maradun a kan wata matsala da ke raba zumunta a gidajenmu, wato sayar da dilanci ko rabon gadonsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidan ƙanen mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Marigayin ya daɗe yana dilan taki da maganin feshi a nan Mafara, kuma manoman shinkafa na Bakolori da yawa a wurinsa suke saye. Da ya rasu aka zo rabon gado, sai aka lissafa shago da sito da buhunan takin da ke ciki, har dilancin kansa aka yi masa kuɗi, aka haɗa aka ba babban ɗansa, sauran magada suka ɗauki gonaki da gida. Ba a rufa wata biyu ba sai ga wakilin kamfani da takarda a hannu. Ashe fiye da rabin buhunan nan na kamfani ne, an ba marigayi ya sayar ya mayar da kuɗi, kuma yarjejeniyar da shi kaɗai aka ƙulla ta. Suka kwashe kayansu, suka ba wani dilancin. Yaro ya tashi da sito wayam, ya ce a sake rabo, ƙannensa suka ce ai an gama. Yanzu haka magana tana gaban alƙali, kuma wallahi ko gaisawa ba su yi.

Da farko kamfanin na ga wa laifi. Amma da na tambayi malamanmu, na kuma tambayi wani lauya a Gusau, sai na tarar bakinsu ɗaya. A shari'ar Musulunci, wadda kotunanmu ke raba gado da ita, wakilci yana ƙarewa da mutuwar wakili, kayan amana kuma ba su shiga cikin dukiyar mamaci. Sai an mayar wa mai kaya kayansa, an yi jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sannan a raba abin da ya rage. To ka ga mu ne muka raba abin da ba namu ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Haka abin yake wajen saye da sayarwa, musamman gidajen mai. Kowa ya san halin da masu gidajen mai na ƙasarmu suka shiga. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta kuma hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, sannan a 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Jarin da a da yake cika tanki ya koma ba ya kai ko rabi. Shi ya sa wasu suka sayar, wasu suka ba da haya, kuma sau da yawa cinikin a zaure ake yinsa da shaidu biyu da shan hannu.

Mai saye yana zaton tunda ya biya kuɗin gini da famfo, shi ke nan komai ya zama nasa. Ina! Dokar man fetur ta 2021, wadda ta kafa hukumar NMDPRA a madadin tsohuwar DPR, ta hana mai lasisi ya miƙa wa wani lasisinsa sai da amincewar hukumar a rubuce. Filin da gidan man ke kai shi ma yana da nasa sharaɗin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamnan jiha ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, kuma tun 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jingina ta rushe saboda rashin wannan yarda. In kuma gidan man yana ɗauke da tambarin wani babban kamfani, to sai kamfanin ya yarda da sabon dila. Wanda ya biya kuɗi kafin ya ga waɗannan takardu, kifi ya saya a ruwa. Masu taki ma kada su ce babu ruwansu, domin dokar ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa mai sayar da taki ya mallaki izini daga hukuma, saboda haka wanda ya karɓi shago ya tabbata izinin yana da sunansa.

Akwai kuma batun rajista. Yawancin dilolinmu sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista a hukumar CAC, kuma a idon doka irin wannan kasuwanci da mai shi abu ɗaya ne. Amma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tak damar kafa kamfani mai zaman kansa. Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, hannun jarinsa ne magada za su raba bisa shari'a, kasuwa ta ci gaba. Duk da haka a karanta yarjejeniyar da aka yi da masu ba da kaya, a ga me ta ce in shugabanci ya canja hannu.

Wani zai ce duk wannan wahala ce da kashe kuɗi, mu da aminci muka gaji ciniki. Gaskiya ne zirga-zirgar neman sa hannu tana cin lokaci, kuma ya kamata hukumomi su sauƙaƙa ta. Amma ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka, kuma abin da 'ya'yan marigayinmu suka kashe a shari'a ya ninka kuɗin lauyan da zai duba takarda tun farko.

Don haka ina kira ga dattawanmu diloli da su ware littafin kayan kamfani daban da nasu, su kuma kai ɗan da suke so ya gaje su wurin kamfani tun suna raye, a san shi a rubuce. Ina roƙon alƙalai da malamai masu rabon gado da su riƙa neman takardar yarjejeniya kafin su yi wa dilanci kuɗi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mafara da Bakura da Maradun kuma su gayyato lauyoyi da malamai su wayar wa mambobinsu kai. Su ma kamfanoni su ji tsoron Allah, in dila ya rasu bayan ya yi musu hidima shekara da shekaru, su fara tuntuɓar iyalinsa kafin su ba wani.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a Jihar Zamfara, amin.

Daga mai karatunku a kullum,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.